Tasarifin Aikatau a Italiyanci: Hanya Mafi Kusa ga Mai Jin Hausa



An nemi mu yi magana a kan wani ɓangare na harshen Italiyanci wanda masu koyo suka fi kuka da shi, watau tasarifin aikatau. Abin nufi shi ne yadda kalmar aiki guda ɗaya take sauya kama bisa ga mai yin aikin, da lokacin yinsa, da kuma matsayin mai magana game da abin da yake faɗa. Abin da muke so mu tabbatar muku a yau shi ne, mai jin Hausa ya fi kusa da wannan fanni fiye da yadda yake zato, kuma idan ya bi ta Ingilishi domin ya kai gare shi, to zagaye ya yi, alhali ga hanya miƙaƙƙiya a ƙofar gidansu. Amma kafin mu shiga cikin wannan, ya kamata mu amsa tambayar da muka san tana zukatan wasunku: ina ruwan mutumin Kano da Italiyanci?

Kano da Italiya

Amsar tana farawa ne daga tashar jirgin ƙasa ta Kano, wadda take maƙwabtaka da Fagge da Sabon Gari. Dogo ya iso Kano a shekarar 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Kafin zuwansa, Fagge masaukin ayarin raƙuma ce, kuma jemammiyar fata da gashin jimina da hauren giwa ta hamada suke bi, daga Kano zuwa Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas, har Tarabulus a bakin teku. A cikin wannan shekara ta 1911, a watan Oktoba, sojojin Italiya suka sauka Tarabulus suka ƙwace ta daga hannun Turkawa. Yaƙin da ya biyo baya ya ƙara dagula hanyar hamada, wadda dama ta fara rauni, ga kuma dogo ya kawo hanya mai sauri da araha. Sai kaya suka juya kudu, suna bin jirgi zuwa Ikko sa'an nan su hau teku. Wajen shekarar 1913 kuma aka yanka Sabon Gari domin baƙin da jirgin ya kwaso. Ke nan tun shekarar da tashar nan ta samu, abin da Italiya ta aikata yana da hannu a cikin cinikin da ya raya ta.

Bayan haka magina 'yan Italiya suka shigo ƙasar nan. Kamfanin Cappa da D'Alberto ya kafu a Nijeriya a 1932. Gamayyar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ita ta gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968, Impresit kuma ya gina ta Bakolori a kan kogin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978. A nan Kano, a kan hanyar Zariya, an taɓa harhaɗa manyan motocin Fiat, kafin aikin ya tsaya a tsakiyar shekarun 1980. Fatar da ake jema a Sharaɗa da Challawa kuwa, Italiya tana cikin manyan masu sayenta.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da suke zaune a can, wasu don karatu, wasu don neman abinci. Tun daga Disambar 2010 dokar Italiya ta wajabta wa baƙon da yake neman takardar zama ta dogon lokaci ya ci jarrabawar harshe a matakin da ake kira A2, daga Disambar 2018 kuma mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama sai ya kai matakin B1. Jami'o'in baƙi na Perugia da Siena suna cikin masu ba da wannan shaida. To, ɗalibi ne, ko akawun da aka miƙa wa takardar kwangila, ko ɗan kasuwar fata, duk wanda bai rarrabe ho pagato, watau na biya, da pagherò, zan biya, da pagherei, da na biya, to dukiyarsa da mutuncinsa suna hannun tafinta.

Inda Hausa take sa alama, da inda Italiyanci yake sa wa

Mu dubi Hausa tukuna. Muna cewa na tafi, ka tafi, kin tafi, ya tafi, ta tafi, mun tafi, kun tafi, sun tafi. Kalmar tafi ba ta motsa ba. Abin da yake sauyawa shi ne 'yar kalmar da take gabanta, wadda masu nahawu suke kira lamirin suna, kuma ita ce take ɗauke da mai aiki da lokaci baki ɗaya. Kamar jirgi ne wanda kansa yake gaba yana jan tarago. Italiyanci yana yin aiki iri ɗaya, sai dai kan jirginsa a baya yake, yana turawa. Saiwar kalma tana tsaye, ɗafa-ƙeya ne yake sauyawa. Ga aikatau partire, watau tashi ko tafiya, a lokacin yanzu:

parto, ina tafiya
parti, kana tafiya ko kina tafiya
parte, yana tafiya ko tana tafiya
partiamo, muna tafiya
partite, kuna tafiya
partono, suna tafiya

Saboda ƙarshen kalmar ya riga ya nuna mai aiki, mutumin Italiya ba ya bukatar ya ce io, ni, ko noi, mu, sai in yana son jaddadawa, kamar yadda mu ma ba ma cewa ni na tafi sai in akwai gardama. Wanda ya yi karatun Larabci ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin katabtu, katabta, kataba, katabna duk a ƙeya suke sauyawa. Ilmin tasarifi tsohon ilmi ne a ƙasar nan, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kansa mai suna Hisnur Rasin. Hausar ma kanta takan taɓa ƙeyar aikatau, ko da yake don wata manufa dabam: saya, saye, sayo, sayar, sayu. F. W. Parsons ya kasa waɗannan sigogi rukuni bakwai a shekarar 1960. Ashe ke nan kunnenmu ya saba da sauraron wutsiyar kalma.

Aikatan Italiyanci gida uku ne, ana gane kowane gida ta ƙarshen sunan aikatau. Gida na farko masu ƙarewa da -are, kamar arrivare, isowa, kuma su suka fi yawa: arrivo, arrivi, arriva, arriviamo, arrivate, arrivano. Na biyu masu -ere, kamar prendere, ɗauka: prendo, prendi, prende, prendiamo, prendete, prendono. Na uku masu -ire, kamar partire da muka gani. A cikin gida na uku akwai wasu masu cusa -isc- a tsakiya, kamar capire, ganewa: capisco, capisci, capisce, capiamo, capite, capiscono. Ku lura, a duk gidajen uku -o na nufin ni, -i na nufin kai ko ke, -iamo na nufin mu. Bambancin bai kai yadda ake kururuta shi ba.

Halaye bakwai, lokuta 21

Masu nahawun Italiyanci suna kasa aikatau zuwa abin da suke kira modo, mu kuwa za mu kira shi hali, sa'an nan kowane hali yana da lokutansa. Halaye huɗu suna nuna mai aiki. Indicativo shi ne halin ba da labari tabbatacce, yana da lokuta 8. Congiuntivo halin fata da shakka ne, yana da 4. Condizionale halin sharaɗi ne, yana da 2. Imperativo halin umurni ne, yana da 1. Sauran halaye uku ba sa nuna mai aiki, su ne infinito da participio da gerundio, kowanne da lokuta 2. Jimla 21 ke nan.

Wannan adadi shi yake karya zuciyar mai koyo, amma akwai sauƙi a ɓoye cikinsa. Daga cikin lokuta 15 masu nuna mai aiki, 8 ne kaɗai suke da ƙarshen kansu. Sauran 7 haɗi ne na kalma biyu: ɗayan mataimaka biyu, avere, mallaka, ko essere, kasancewa, tare da siga guda ta aikatau mai suna participio passato. Wanda ya riƙe ho, hai, ha, abbiamo, avete, hanno, da kuma sono, sei, è, siamo, siete, sono, ya bi su cikin sauran lokutansu, to ya ci kusan rabin aikin. Harafin h a nan ba a furta shi.

Shi wannan participio passato ɗan'uwan wata kalma ce da muke da ita. Muna cewa rubutacce, rubutacciya, rubutattu. Su kuma suna cewa scritto, scritta, scritti, sai suka ƙara scritte don jam'in mata. Idan mataimakin essere ne, kamar yadda yake a yawancin aikatan motsi da sauyin hali, to dole sigar ta dace da jinsin mai aiki da adadinsa: è partito, ya tafi, è partita, ta tafi, sono partiti, sun tafi. Mai tunani da Ingilishi yakan manta da wannan, domin harshen nan bai damu da jinsi a aikatau ba. Mu kuwa da muke bambanta ya da ta, da ka da ki, tun muna goye, ba mu da hujjar mantawa.

Abin da ya wuce

A nan ne amfanin Hausa ya fi bayyana. Italiyanci yana da manyan lokuta biyu na abin da ya wuce waɗanda ake amfani da su kullum. Passato prossimo yana nuna aikin da ya kammala, daidai da shuɗaɗɗen lokacinmu na na, ka, ya, mun. Imperfetto yana nuna aikin da yake cikin gudana a da, ko wanda aka saba yi, watau ya haɗa aikin ina da na nakan. Ƙarshensa a gida na farko shi ne -avo, -avi, -ava, -avamo, -avate, -avano. Ga misalai:

Ho comprato il biglietto. Na sayi tikiti.
Aspettavo il treno quando è arrivato mio fratello. Ina jiran jirgi sai ɗan'uwana ya iso.
Ogni anno i mercanti portavano le arachidi alla stazione. Kowace shekara fatake sukan kawo gyaɗa tasha.

Ɗaliban Ingila da Amurka sukan daɗe suna fama da wannan rarrabewa, domin siga ɗaya ta Ingilishi tana iya ɗaukar ma'anonin biyu. Bahaushe kuwa tambaya ɗaya za ya yi wa kansa: da Hausa na yi zan ce, ko ina yi, ko nakan yi? Amsar ita ce za ta zaɓa masa a mafi yawan wurare.

Amma fa akwai rami a nan, kuma wajibi ne mu nuna shi. Lamirin Hausa ya fi kula da ko aiki ya ƙare ko bai ƙare ba, fiye da ranar da aka yi shi. Ina jira yana iya zama yau, yana iya zama bara, sauran jimla ce take fayyacewa. Italiyanci ba ya yarda da haka. In yau ne aspetto, in bara ne aspettavo, kuma wanda ya ce jiya sa'an nan ya kawo aspetto ya yi kuskuren da kowane yaro zai ji. Saboda haka ban da tambayar ko aiki ya ƙare, sai mu koya wa kanmu tambaya ta biyu: yaushe?

Akwai lokaci na uku, passato remoto, wanda ya fi yawa a littattafan tarihi da na labarai, da kuma bakin mutanen kudancin Italiya da na Toskana. Mutanen arewa, irin su na Milan, ba su cika amfani da shi a magana ba. Il treno arrivò a Kano nel 1911, jirgi ya iso Kano a 1911. Aikinsa ya yi kama da na muka da suka a cikin ba da labari, inda muke cewa suka tashi, suka yi tafiya, suka sauka. A nan ne aikatau masu kauce wa ƙa'ida suka fi yawa, amma ko kaucewar tana da tsari: presi, prendesti, prese, prendemmo, prendeste, presero. Na farko da na uku da na shida ne suke kaucewa, sauran ukun suna bin saiwa. Shawararmu ita ce mai koyo ya iya gane shi in ya gan shi a takarda, ya jinkirta amfani da shi. Aikin da ya riga wani aukuwa kuma yana da sigarsa, trapassato prossimo: il treno era già partito, a lokacin jirgi ya riga ya tashi.

Abin da zai zo

Lokaci na gaba ba shi da wuya: partirò, partirai, partirà, partiremo, partirete, partiranno, watau zan tafi, za ka tafi, har zuwa za su tafi. 'Yan gida na farko suna mai da a ɗinsu e, sai a ce arriverò. Wasu kuma suna gajarcewa, kamar andrò, zan je, da verrò, zan zo, da sarò da avrò. Abu biyu ne abin lura. Na ɗaya, inda Hausa take cewa idan na isa Ikko zan rubuto maka, da shuɗaɗɗen lokaci bayan idan, Italiyancin takarda yana cewa quando sarò arrivato a Lagos, ti scriverò, da siga ta musamman mai nuna aikin da zai kammala nan gaba. Na biyu, sukan yi amfani da lokaci na gaba don hasashe. In mutum ya dubi agogo a tasha ya ce il treno sarà in ritardo, sau da yawa nufinsa shi ne ga alama jirgin ya yi latti.

Halin fata da shakka

Congiuntivo shi ne dodon masu koyo, har 'yan ƙasar kansu sukan yi tuntuɓe a kansa, jaridu su yi musu dariya. Ingilishi ya kusa rasa wannan hali gaba ɗaya, shi ya sa littattafan da aka rubuta da shi suke shan wahalar bayyana shi. Hausa kuwa tana da shi da ransa, shi ne lamirin nan na in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, wanda muke kawowa bayan so da fata da wajabci da kafin da domin. Ku dubi yadda suke tafiya kafaɗa da kafaɗa:

Voglio che tu parta. Ina so ka tafi.
Bisogna che arriviate presto. Wajibi ne ku iso da wuri.
Prima che il treno parta. Kafin jirgi ya tashi.
Parlo piano affinché capiscano. Ina magana a hankali domin su gane.

Ba wanda zai ce ina so kun tafi a Hausa, kunnensa ba zai bari ba. Wannan kunnen shi za ku ɗauka ku shiga Italiyanci da shi. Sigar kuwa musanya ce kawai: 'yan -are suna ɗaukar i, a ce arrivi, 'yan -ere da -ire suna ɗaukar a, a ce prenda, parta.

Wurare biyu ne harsunan suka rabu. Idan mai so shi ne mai aikatawa, Hausa tana cewa ina so in tafi, Italiyanci kuwa sai ya koma ga sunan aikatau, voglio partire. Sa'an nan Italiyanci yana kawo congiuntivo bayan zato da tsammani, inda mu muke barin lamiri yadda yake. So che è partito, na san ya tafi. Credo che sia partito, ina jin ya tafi. Tsakanin è da sia akwai tazarar da take tsakanin shaida da zato, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali ko ya rubuta rahoton ofis ya san nauyin wannan tazara.

Halin sharaɗi

Condizionale yana da ayyuka uku. Na farko ladabi: voglio un biglietto, ina son tikiti, magana ce mai kaushi a gaban mai sayarwa, abin da ake faɗa shi ne vorrei un biglietto, kamar mu ce da za a taimaka mini da tikiti. Na biyu sharaɗin da bai tabbata ba, wanda Hausa take ginawa da da guda biyu:

Se avessi i soldi, prenderei il treno. Da ina da kuɗi, da na hau jirgi.
Se fossi arrivato presto, non avrei perso il treno. Da na iso da wuri, da jirgi bai wuce ni ba.

Da ta farko congiuntivo take ɗauka, da ta biyu condizionale, kuma ba a musanya su. Da na sanin nan da Hausawa suka ce ƙeya ce, a can se avessi saputo ake ce mata.

Aiki na uku shi ne ya fi shafar ma'aikata da masu fassara. Jaridun Italiya suna amfani da wannan hali don labarin da ba su tabbatar ba. In an rubuta il direttore ha firmato il contratto, to darekta ya sa hannu a kwangila. In kuwa an rubuta il direttore avrebbe firmato il contratto, ma'anar ita ce wai darekta ya sa hannu. Kalmarmu ta wai ita ce fassararsa daidai. Mai fassarar da bai san haka ba zai mai da jita-jita labari, ya kai wa maigidansa a rubuce.

Umurni da girmamawa

Umurni ga tsara ko ƙane shi ne aspetta, jira, senti, saurara. Hani kuwa non ne tare da sunan aikatau: non partire, kada ka tafi. Amma ga babba ko baƙo ko ma'aikacin ofis ba a cewa tu, sai Lei, wadda asalinta ita take nufi, kuma aikatau yana bin ta a sigar mutum na uku, ko da namiji ake yi wa magana. Umurninta daga congiuntivo ake aro shi, sai ƙarshen ya juye: aspetti, a ɗan jira, senta, a saurara, scusi, a gafarce ni. Mu da muke ce wa dattijo ku shigo, ko ma a shigo, mun san dalilin kauce wa kai tsaye. A kudancin Italiya har yanzu akan ji ana girmama tsofaffi da voi, watau ku, kamar yadda muke yi. Gwamnatin Mussolini ta yi ƙoƙarin hana Lei a 1938 ta tilasta voi, amma bayan faɗuwarta mutane suka koma ga abin da suka saba. Lamirinmu na an da ana shi ma yana da takwara, watau si: come si dice, yaya ake cewa, si parte alle otto, ana tashi da ƙarfe takwas.

Aikin kunne

Sauran abu guda shi ne furuci, domin a Italiyanci ƙaramin sauti yana sauya lokaci. Partiremo, da m ɗaya, za mu tafi. Partiremmo, da m biyu, da mun tafi. Na farko alkawari ne, na biyu sharaɗi. Mai Ingilishi da ƙyar yake jin bambancin, amma wanda ya rarrabe daba da dabba, da mana da manna, zai ji shi tun ranar farko. Haka kuma arrivo, da nauyi a tsakiya, ina isowa, da arrivò, da nauyi a ƙarshe, ya iso. Mu ma a rubuce ya tafi siga ɗaya ce, amma a baki tsawon wasali da karin sauti suna raba ya tafi ta labari da ya tafi ta umurni. Saboda haka kada a koyi tasarifi da ido kaɗai, a riƙa faɗarsa da murya.

Shawara

Ga tsarin da muke ganin ya fi dacewa. A fara da essere da avere, sa'an nan aikatau goma masu kauce wa ƙa'ida waɗanda ba a yini ba a bukace su ba: andare, venire, fare, dare, dire, stare, potere, volere, dovere, sapere. A bi lokuta bisa ga bukata, watau na yanzu, sai passato prossimo, sai imperfetto, sai na gaba, sai condizionale, sai congiuntivo, a bar passato remoto a ƙarshe. Kowace siga a sa ta cikin cikakkiyar jimla ta abin da ya shafi mutum, kasuwa ko ofis ko tafiya. Mafi muhimmanci kuma, a gefen kowace jimla a rubuta Hausarta, ko da littafin da ake koyo da shi na Ingilishi ne ko Faransanci. Inda Hausa ta dace da Italiyanci an huta, inda ta saɓa kuma an san wurin da za a tsananta lura.

Kada kuma wani ya ga kamar ya makara. Su kansu mutanen Italiya yawancinsu koyon wannan harshe suka yi. Asalinsa karin birnin Firenze ne, wanda Dante, da ya rasu a 1321, ya ɗaukaka da rubutunsa. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa a 1861, shekarar da ƙasar ta haɗu, waɗanda suke iya magana da shi ba su wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari ba, sauran kowa da karin garinsu. Makaranta da aikin soja da rediyo da talabijin ne suka yaɗa shi, har daga 1960 zuwa 1968 wani malami mai suna Alberto Manzi ya riƙa koyar da manya karatu ta talabijin, irin yaƙi da jahilcin da aka yi a nan Arewa.

A ƙarshe muna da roƙo ga wannan ƙungiya. A jami'ar L'Orientale ta birnin Nafoli ana koya wa ɗaliban Italiya Hausa, kuma Farfesa Sergio Baldi na can ya fitar da ƙamus na Hausa da Italiyanci a 2015. Su sun gina gada daga harshensu zuwa namu ba tare da sun ratsa ta wani ba. Ya kamata mu ma mu aza tamu daga wannan gefe. Ba aiki ne mai tsada ba: ɗalibai kaɗan daga sashen Hausa, da wani mai jin Italiyanci, su zauna su jera lamiran Hausa a gefe ɗaya, sigogin aikatan Italiyanci a ɗaya gefen, da misalai, a buga ɗan ƙaramin littafi. Zai amfani mai shirin tafiya karatu, da ɗan kasuwa, da wanda jarrabawar takardar zama take jiransa. Idan tsarin ya yi kyau, da gyara kaɗan zai yi wa Faransanci da Sifaniyanci da Fotugisanci aiki, tun da yake dukkansu daga Latin suka fito, kuma tasarifinsu kusan ɗaya ne.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani.